Taragon Da Ba Shi Da Lamba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

'Yata Auta ce ta kawo min littafin nan. Wai in riƙa rubuta abin da ke raina maimakon in riƙa yi wa mutane tsawa a asibiti. Ni ban yi wa kowa tsawa ba. Tambayar mai tura gado na yi, me ya sa ƙafar gadon take kuka alhali ɗigon mai ɗaya ya ishe ta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba taragun jirgin kaya da guduma a hannu, sai in ji ƙarfe yana kuka in yi shiru? To, ga littafi, ga ni.

Yau kwana shida da kwantar da matata. Ko a nan ma Malama zan rubuta, don tun tana koyar da 'yan firamare kowa haka yake kiranta, ni ma na bi sahu har bakina ya manta da wani suna. Shekararmu talatin da takwas tare. Sun ce mu jira sakamako.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe uku na rana

Daga goma zuwa sha biyu suke barin mu shiga, sai kuma biyar zuwa shida. Tsakanin nan mutum ya san inda zai kai kansa. Auta tana da ofis, ni kuwa ƙaramin ɗakin baya nake da shi, sai yau na iya buɗe shi.

Komai yana inda na bar shi. Taragu hamsin da ɗaya a kan kanta, na kwal, na mai, na shanu, da shimfiɗaɗɗu na ɗaukar katako, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba. Na hamsin da biyu yana kan tebur a ƙarƙashin fitila. Rufaffe ne, mai ƙofar zamewa. Wata biyu na yi a kansa. Da reza na tsaga layin kowane falanki, kan ƙusoshinsa kuwa ɗigon gam ne da bakin allura, ɗari biyu da sha biyu, na ƙirga. Ƙofar tana zamewa da gaske, sakatarta tana shiga. Na fesa masa jan fenti mai duhu ana gobe Malama za ta yanke jiki ta faɗi a kicin.

Abu ɗaya ya rage kafin in tsufar da shi, wato lamba. Aikinmu a rabe yake tun ranar da na fara wannan hauka, shekara ashirin ke nan. Ni ke ƙerawa, ni ke fenti, ita ke rubuta lamba da farin fenti, da wani burushi nata da ba zai wuce gashi uku ba. Lambar ba ta kai tsayin ƙwayar shinkafa ba, amma in ka sa madubi mai ƙara girma sai ka rantse inji ne ya buga. Sai ta gama, ya bushe, sannan in tsufar da taragon: tsatsa a gindin ƙusoshi, baƙin giris a ƙafafu, garin alli a rufi ya zama ƙura. Ba a juya wannan tsari. In ka sa tsatsa kafin lamba, farin zai zauna fes a kan datti, ko makaho ya shafa ya san ƙarya ce.

Saboda haka yana nan sabo ful, yana ta ƙyalli kamar bai taɓa ɗaukar kaya ba. Ni da shi duk jira muke yi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Cokali huɗu ta ci. Sun ce mu jira.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Direba ya zo. Tare muka yi aiki a babbar tasha, shi yana jan jirgi, ni ina hana shi tashi in ban gamsu da birki ba, har yau bai yafe min ba. Ya shigo ɗakin baya ba sallama, cikinsa ya kusa kwashe min kanta. Ya ce a duniya bai taɓa ganin mutum irina ba, in ɓata wata biyu ina gyara abu, in ɓata kwana biyu ina lalata shi, sannan in kira mutane su yaba. Na ce ai shi shekara talatin ya yi yana lalata na gaske, ba wanda ya yaba masa.

Mun yi dariya, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai bakin nan nasa ya ɓata komai. Wai akwai lambobi da ake sayarwa bugaggu, a jiƙa da ruwa a manna, me zai hana in saya in huta. Na ce masa mai lambar tana nan, ba ta ce ta ajiye aiki ba. Ya ce ba haka yake nufi ba. Na ce to me yake nufi? Ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Ban raka shi ƙofa ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Auta. Ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi. Ya yi magana kusan minti ashirin, a hankali, yana juya wata takarda. Ni abin da na lura da shi, hinjin ƙofar kabad ɗinsa na sama ya saki, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi. Auta ta yi tambayoyi, ta rubuta amsa a bayan hannunta don ba ta zo da takarda ba. Da muka fito ta zauna a kan matakala ta kife kai a gwiwa. Na tsaya a kanta kamar wani dogari, ban san abin da ake yi da hannuwa ba.

Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Littafin nawa ne.

Da na dawo na kifar da taragon na ɗaura masa bututun birki a ƙarƙashi, da wayar da na zare daga tsohuwar rediyo. Ba wanda zai taɓa ganinsu sai ya ɗaga shi ya leƙa. Awa biyu na yi a kai.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na dafa shayi kofi biyu. Sai da na zuba na tuna.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Yau ta tashi da ƙarfinta, har ta sa an jingina ta da filo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce maɓallin rigata ya shiga ramin da ba nasa ba, ko Injiniya ya fara tsufa ne? Haka take kirana in tana son tsokana, ta san ko kusa da injiniya ban kai ba. Na ce ai ita ta tafi ta bar ni, dole in lalace.

Sai ta tambayi taragon. Ita ta zaɓe shi tun farko. Shekarar da aka yi min canjin wurin aiki, watanmu biyar da aure, a irin wannan taragon aka ɗora kayanmu kaf: gado, akwatinta na ƙarfe, keken ɗinki, da kujeru biyu. Muna taragon fasinja a gaba, duk tashar da aka tsaya sai ta sauka da gudu ta je ta duba ko yana nan. Don haka ta haddace lambarsa, har yau ba ta manta ba, 40716. Ta ce ta tuna yadda nake jin kunya abokan aikina suna ganin amaryata tana bin jirgi da gudu. Wallahi na ji kunya a lokacin. Yau da ta faɗa sai na kawar da kai wajen taga.

Na ce yana nan yana jiran ta, in ta dawo gida ta rubuta. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa yaron da ya ce kare ne ya cinye littafinsa.

"Kawo shi nan," ta ce.

Na ce zan duba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Mun yi sa-in-sa da Auta a mota. Ta ce in kai wa Mama taragon tunda ta roƙa. Na ce ba a aikin lamba a kan gado. Hasken ɗakin ba shi da kyau, teburin cin abincin nan yana rawa, ga warin fenti zai dami sauran marasa lafiya, nas ma ba za ta yarda ba. Ta ce ta riga ta tambayi nas, ta yarda. Na ce ita nas me ta sani game da fenti? Auta ta tsayar da mota a gefen titi, ta kashe, ta juyo.

"Baba, kai ma ka san ba haske ne ya hana ka ba."

'Yar da na goya a kafaɗa. In na kai shi can, kamar na sa hannu ne a kan takardar likitan nan. Wannan ne ban iya gaya mata ba, a nan ma da ƙyar na rubuta.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Cokali biyu. Ta sake tambaya. Na ce gobe.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya saura kwata, a mota

Na kai. A kwalin takalmi na sa shi, na kewaye da auduga, da kwalbar farin fenti da burushinta a cikin bututunsa. Auta ta sa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin ya daina rawa. Na kwantar da taragon a kan soso, na riƙe mata madubi.

Da ta ɗauki burushin sai fuskarta ta koma ta da. Ta lashi leɓe, ta tsoma bakinsa, ta goge a bayan babban yatsa kamar kullum. Hannun ne bai koma ba. Yana tafiya yana dawowa, ta kan tsaya ta jira shi ya lafa, sannan ta sauke. Lamba biyar, abin da take yi kafin shayi ya huce, minti arba'in ta yi. Gumi ya jiƙa mata goshi. Nas da matar da ke gadon kusa duk sun zuba ido suna kallo. Gefe ɗaya ta yi, ta ce ɗayan sai wani jiƙon.

Ta mayar da kai filo ta ce, "Ya yi?" Na ce ya yi. Nas ta tafa a hankali, Auta ta fita waje, na san abin da ta je yi.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe uku na rana

Inna lillahi. Me na yi?

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Bari in rubuta, ko zai sauka daga ƙirjina.

Da na dawo jiya na sa shi a ƙarƙashin fitila na jawo babban madubi. Huɗun ta jingina kamar za ta faɗi. Sifirin bai haɗe ba. Bakwai ta yi jela, shida kuwa dunƙulen fenti ne kawai. A ɗakin nan doka ɗaya ce shekara ashirin, kuma ita ta kafa ta: lambar da ta karkace ba a barin ta ta bushe. Sau nawa na ga ta goge lamba gaba ɗaya saboda ƙafar tara ta fi ta 'yar'uwarta tsawo da kaurin gashi? Sau nawa ta ce min, goge min wannan kafin in dawo daga kicin?

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Hannuna ne ya ɗauki tsinke mai auduga, ya tsoma a tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, ya shafa sau ɗaya. A raina cewa nake yi, ta gaji ne yau, gobe in ta huta ta sake mai kyau. Sai da na ga audugar ta yi fari sannan hankalina ya dawo jikina. Na zauna riƙe da tsinken har ƙarfe biyar ta wuce, ban koma asibiti da yamma ba. Na ce wa Auta kaina ke ciwo.

Sabo turken wawa. Wawan kuwa ga shi zaune yana rubutu.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Yau ko kofi ba ta iya ɗagawa ba, Auta ce ta riƙe mata. Hannun dama yana kwance a kan bargo kamar ba nata ba. Ta tambaye ni ko ya bushe. Na ce ya bushe.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Garin gyaran gira na rasa ido. Ba ta ci komai ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na juya shi ta kowace fuska a gaban fitila, na kai shi taga, na sa madubi biyu a haɗe, ko zan ga inuwar rubutun. Babu. Tinar ma har ta cinye jan fentin ƙasa, wurin ya yi dishi-dishi. Na goge shi da lallausan samfefa na sake fesawa, yanzu ko alamar an taɓa wurin babu. Ni da iya aiki.

Sai na yi abin da ya fi wannan muni. Na ɗauko guntun roba na fesa masa ja, na ɗauki burushina, ba nata ba, na fara kwaikwayon rubutun. Ba rubutunta na da ba, wannan ko a mafarki ba zan iya ba. Na ranar Alhamis nake kwaikwayo: in jingina huɗu, in bar sifiri a buɗe, in yi wa bakwai jela. Sau talatin da wani abu na gwada. Tsoho da furfura, yana koyon rawar hannun matarsa don ya yaudari 'yarsa. Kuma bai yi ba. Rawar hannuna daban, tata daban. Tawa ta ganganci ce, ana gani.

Na zuba su duka a kwandon shara na rufe da jarida. Na tsani kaina yau, ba wani suna da zan sa wa abin.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Barci ta yi ta yi. Na zauna ina kallon robar ƙarin ruwa tana ɗiga. Sun daina cewa mu jira.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Asiri ya tonu tun kafin in karya. Auta ta biyo ta ɗauke ni, ta same ni a ɗakin baya. Ta ce tana son ta ɗauki hoton lambar ta aika wa yayanta, tunda aiki ya hana shi zuwa sai ƙarshen wata. Ta ce kuma in ban damu ba, kada in tsufar da wannan, in bar mata shi haka ta ajiye, tunda shi ne rubutun Mama na... Ba ta ƙarasa ba.

Na ce wannan gefen ne ba a yi ba. Ta juya shi. Ta sake juyawa. Ta duba gaba, ta duba baya, har ƙasa ta leƙa, ta ga bututun birkin da na ce ba mai gani. Sannan ta ɗago.

Na gaya mata. Na so ta yi ihu, ta zage ni, ta jefar da shi ya tarwatse, da na ji sauƙi. Ta ajiye shi a hankali daidai inda ta ɗauka, ta goge hannu a jikin rigarta.

"Kada ka gaya mata," ta ce. "Wannan kaɗai nake roƙonka."

Ta ɗauki makullin mota, muka wuce asibiti.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Auta ta kawo abinci ta ajiye a tebur a rufe, ta tafi. Ta gaishe ni, ba ta fasa ba, amma irin gaisuwar da ake yi wa mai gadi. Ban buɗe kwanon ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Direba ya dawo, bai yi fushi ba ashe. Ya je ya duba Malama da safe bayan na fito. Ya zauna a kan kujerarta, na ce ya tashi ya koma kan benci, ya tashi ba musu. Ko tsokana ɗaya bai yi ba yau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Direba ya zauna awa guda bai zagi aikina ba, to lallai abin ya kai.

Na ba shi labarin. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi dai abin da ya sani, ban taɓa sa hannu a takardar tarago mai tsagaggen ƙarfe ba, ko manyan tasha sun taru a kaina, ko shi da kansa ya yi ta zagi daga kan inji. Ya ce bai ga yadda mai wannan taurin kai zai iya kallon Malama kullum yana ce mata ya bushe ba. Na ce Auta ta hana. Ya ce Auta ba ita ta auri Malama ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sun mayar da ita ƙaramin ɗakin da ke kusa da teburin nas-nas, ita kaɗai. Auta ta ce don ta samu hutu ne. To.

Ta farka na ɗan lokaci. Muryar ta yi ƙasa, sai na sunkuya. Ta ce na tsufar da shi? Na ce tukuna. Ta ce me nake jira, ai lamba ta bushe tuni, ɗayan gefen kuma a jingina shi da bango ba mai gani. Ta ce in sa masa tsatsa sosai a gefen ƙofa, haka na gasken yake, har ya ɓata mata zane. Na ce to. Auta tana tsaye a bayana, ina jin idonta a ƙeyata.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ce to. Kullum to. Bakina ya zama na maƙaryaci.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na gaya mata.

Auta ta sauka karɓo magani, nas ta fita. Na jawo kujera na kama hannun nan na dama, na faɗa mata tiryan-tiryan: huɗun da ta jingina, tsinken, audugar da ta yi fari, har kwaikwayon da na yi na zuba a shara. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Na ji gadon yana motsi, na zaci kuka take yi ko numfashi ne ya sarƙe, na miƙe zan kira nas.

Dariya take yi. Ba sauti, amma dariya ce, har da hawaye a gefen ido. Ta ce ita ma ta ga bakwai ɗin nan, ta san jela gare ta kamar ɓera, kunya ce ta hana ta magana a gaban nas. Na ce ta yafe min. Ta ce in matso.

"Sati uku kowa ƙarya yake min. Likita ya ce da sauƙi, Auta ta ce na yi kyau, kai ka ce ya yi. Da ka bar shi ya bushe, da na san kai ma ka sallama ni. Hannunka ne kaɗai a gidan nan bai cire rai ba."

Na kifa goshi a kan bargon, tsoho da ni, ta sa yatsu a kaina.

"Kawo shi gobe, Injiniya. Amma ka tsinka fentin, wancan ya yi kauri, shi ya ja min."

Da Auta ta dawo ta gan mu, ta gane. Uwar ta ce mata ta daina hararar mijinta. A mota Auta ta kama hannuna ta riƙe har muka wuce shataletale, da hannu ɗaya ta yi tuƙi.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Na cinye abincin jiya da na yau. Na sassaƙa mata ɗan katako mai kwari inda za ta ɗora wuyan hannu, na naɗe shi da ƙyalle mai laushi. Na ja layi biyu da fensir a jikin taragon, siriri yadda zai goge. Na wanke burushinta, na gyara masa baki da yawu kamar yadda take yi. Fentin da safe zan haɗa don kada ya yi fata. Ta ce kauri ne ya ja mata, kuma da na duba kwalbar, gaskiyarta, ya yi kauri.

In ta yi lamba biyu gobe ya isa. Sauran jibi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe tara na safe

Sai yau masu ta'aziyya suka ragu, gidan ya ɗan yi shiru na samu biro.

Ranar Litinin na tashi da wuri na haɗa fentin a murfin kwalba, ɗigo uku na fari, ɗigo ɗaya na tina, na gwada a farce yana gudu daidai. Na rufe murfin da leda na kafa shi a kusurwar kwalin da auduga. Auta ba ta zo ɗaukata ba, wayata kuma tana ɗakin kwana, ban bi ta kanta ba. Na ce ko aiki ne ya riƙe ta. Na hau bas, na ɗora kwalin a cinya, duk ramin da aka faɗa sai in ɗaga shi sama.

Goma saura biyar na isa. Auta tana zaune a matakalar ƙasa, da kayan jiya a jikinta, jakar uwarta a gefe, da filon da muka kawo daga gida. Ta miƙe ta tare hanya. Ta ce, "Baba."

Na dube ta, na dubi filon. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Fentin zai bushe."

Abin da na ce ke nan. Shekara talatin da takwas, abin da na samu na faɗa ke nan. Auta ta zaunar da ni a kan matakala ta rungume ni tana kuka, mutane suna hawa suna sauka suna kauce mana, ni kuwa ina riƙe da kwalin da hannu biyu, a daidaice, don kada ya karkata fentin ya zube.